Makullin da ke Wuyan Baba Zarami

Sunan babana Zarami, amma a Haɗejar wancan zamani in ka ce Zarami kawai sai a tambaye ka wanne. In ka ce Mai Makulli kuwa, ko baƙon da ya sauka jiya zai nuna maka gidanmu. Ni ce 'yarsa ta fari, Yagana, kuma ni na raba shi da makullin nan, saboda haka in akwai wanda ya isa ya ba da wannan labari to ni ce. Ina jin wasu suna ba da shi a karkace, har da masu cewa wai korarsa aka yi. Ƙarya suke yi, kuma ranar da na ji wani ya faɗa a gabana sai ya gane ba shi da wayo.

Kakanninmu Barebari ne, daga wajen Tafkin Chadi suka biyo ruwa har suka zauna a nan. Baba ya tashi bai san komai ba sai kogi. Da damina yana fito, ya haye da mutane da awakinsu a jirginsa na katako, da rani ya koma su da banda. Ƙato ne baƙi, ga tsagar Barebari ta cika masa kumatu, ga dariya da in ya yi ta a bakin kogi Iya, mahaifiyata, tana ji daga madafa. Ba mu da komai, amma ban taɓa kwana da yunwa ba, kifi dai har ya gundure ni.

Yana da aboki guda, Bafillatani, daga cikin Fulanin da suka ajiye sanda suka zauna a gari. Sunansa Shu'ibu. Na faɗa sau ɗaya don ku sani, daga nan Baffa zan riƙa cewa, don surukina ne ya zama daga baya. Siriri ne fari, mai magana a hankali, amma bakinsa ya fi barkono zafi. To kun san yadda Barebari da Fulani suke, wasa ne tsakaninsu tun kaka da kakanni. Kowa ya ce ɗan'uwansa bawansa ne, a yi zagi, a yi gori, ba wanda ya isa ya yi fushi. Sai dai na Baba da Baffa ya wuce na kowa. Baffa ya ce kaza ce ta yi tono a fuskar Baba, Baba ya ce da Baffa da sandar kiwonsa ba a gane wane ne ya fi ƙiba. Tun suna samari haka suke, in ɗaya bai ga ɗaya ba yini guda sai ya kasa cin tuwo.

Bayan jirgin ƙasa ya iso Malam Madori, sai hukuma ta ce za ta gina sabon ɗakin ajiya. Ba irin gininmu na ƙasa ba, wanda ɓarawo zai jiƙa da ruwa ya huda. A kan tudu aka kafa shi inda ambaliya ba ta kaiwa, bango na dutse da siminti, daɓen ma siminti mai kauri don kada a biyo ta ƙarƙashi. Ba taga, sai 'yan kafofin iska can sama waɗanda ko kyanwa ba ta shiga. Ƙofar ƙarfe ce, daga tasha aka jawo ta a kan amalanke, rabin gari ya fita kallo. A ciki ake ajiye sulallan hukuma, da wani ɗan akwatin ƙarfe mai zinaren marayu wanda alƙali yake ba da ajiya har su girma. Ƙofar nan kuwa bakin makulli biyu gare ta, kuma ba ta buɗuwa sai an murɗa duka biyun tare.

Baturen mulki na lokacin, wanda muke kira Mai Lofe saboda ba ya rabuwa da lofensa, shi ya kafa sharaɗin. Ya ce makullan nan mutum biyu za su riƙe, ba ɗan'uwa da ɗan'uwa ba, ba suruki da suruki ba, in da hali ma mutanen da ba sa ga maciji da juna, don kada su haɗa baki. Ma'aji ya kawo masa mutane, wannan ya ce a'a, wancan ya ce a'a, duk wanda aka kawo sai a tarar akwai aure ko nono tsakaninsa da wancan. Haɗeja ce fa, ina za ka sami mutum biyu da ba abin da ya haɗa su?

Ana cikin haka wata rana da hantsi Mai Lofe ya zo haye kogi, ya shiga jirgin Baba shi da ma'aji. Baffa ma yana ciki, za shi duba 'yan shanunsa a fadama. Ko tsakiyar ruwa ba su kai ba aka fara. Baffa ya ce da ya sayar da bawan nan nasa tuntuni, ƙwaryar nono guda aka taya shi ya sa ya fasa. Baba ya ce yau kifaye za su ci Bafillatani, sai dai tausayinsu yake ji, ƙashi kawai za su samu. Ya kama girgiza jirgi. Baffa, da yake ba abin da yake tsoro a duniya kamar ruwa, ya yi tsalle ya shaƙe wuyan Baba yana tsine masa. Bature yana jin Hausa, irin ta littafi, kuma bai bar ko kalma ɗaya ta wuce shi ba. Da suka sauka ya ce da ma'aji ya samu mutanensa. Ma'aji mutumin kirki ne, ya gaya masa gaskiya cewa wasa ne na gado. Mai Lofe ya ce ai ya san wasa, a ƙasarsu ma ana yi, amma ba a shaƙe mutum a tsakiyar kogi da sunan wasa. Ma'aji ya sake gwadawa, ya ga Bature ya kafe, shi kuma ya san mutanen nan biyu ko allura ba za su ɗauka ba, sai ya ƙyale shi. Gari ya yi mako yana dariya.

Ina ƙarama lokacin, amma ina tuna ranar da Baba ya shigo da makullin. Dogo ne mai nauyi, ya kusa tsawon tafin hannunsa. Ya sa baduku ya yi masa tsirkiya ya rataya a wuya, ƙarƙashin riga. Iya ta miƙa hannu za ta taɓa, ya ja da baya ya ce ba a taɓawa. Matar da ta haifa masa 'ya'ya fa! Ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba. Da shi yake wanka, da shi yake barci, da shi yake salla. Ya daina kwana a wajen gari, ko biki ne ko mutuwa sai ya je ya dawo a ranar, don ba a san sa'ar da za a nemi buɗe ƙofa ba. Jirginsa ya bar wa ƙanensa Bakari, ya ɗinka farar riga, ya zama mutumin da ake tashi a gaishe shi a hanya.

Kullum da safe zai biya wa Baffa su tafi tare, suna tafe suna zagin juna har bakin ƙofa, 'yan dokan da ke gadi suna ƙunshe dariya. Ma'aji zai duba jan dankon da ya manna jiya ya buga wa hatimi, ya ga ba a taɓa ba, sannan kowa ya zura nasa makullin a murɗa. Ba mai shiga shi kaɗai, ba mai juya wa wani baya a ciki. In an gama a rufe, a sake danko, kowa ya ja ƙofar da hannunsa ya tabbatar. Wani lokaci Bature yakan faɗo ba sanarwa, a fito da ɗan akwatin marayu a ɗora zinaren a ma'auni, ƙulli bayan ƙulli. Bai taɓa ragewa ba ko da ƙwayar gero.

A wajen Mai Lofe Baba ya ji cewa can Ingila ma haka gwamnati take ajiye zinarenta. Wai a ƙarƙashin ƙasa yake, an narka shi an yi curi-curi kamar sandar sabulu, an jera a bayan ƙofofin ƙarfe, kuma ko wanda ya fi kowa girma a ƙasar ba shi da ikon buɗewa shi kaɗai. Wayyo, mun sha wannan labari! Duk baƙon da ya zauna a zaurenmu sai ya ji shi. Baba yakan ƙare da cewa shi da masu riƙon makullan can aikinsu ɗaya, bambancin kawai su sanyi ke damunsu shi kuma Bafillatani. Iya ta ce saura ya aika musu da bandar kifi tunda 'yan'uwansa ne.

Akwai shekarar da zazzaɓi ya kwantar da Baffa, ya rame ya koma abin tausayi, ga kuma albashin ma'aikata ya zo dole a buɗe. Wani ya ce a aika ɗan doka ya karɓo makullin. Baba ya ce sam, makulli ba ya zuwa sai da wuyan mai shi. Ya je gidan ya goyo Baffa a bayansa, ya ratsa kasuwa da shi yana shelar cewa ga kara ya samo na hura wuta, wa zai saya. Baffa yana bisa, murya ba ta fita sosai, amma yana gaya wa mutane su shaida yau ya hau jakinsa. Da hannunsa ya murɗa, aka gama, Baba ya sake goya shi ya mayar. Da ya dawo gida na ga ya zauna ya yi tagumi, ya ce da Iya mutumin nan ba nauyi ko kaɗan, ta dafa romon kifi a kai masa. Kullum ni nake kai romon har ya warke, kuma a nan na fara haɗa ido da ɗansa Ɗahiru.

Na faɗi sunan miji, eh, na faɗa. Na tsufa, shi kuma yana ƙasa, Allah ya jiƙansa, ba zai ji ba balle ya harare ni. Ɗinki yake yi a bakin kasuwa, yana da kunya irin tasu, in zai yi mini magana sai ya kalli bango. Ni kuwa ba ni da wannan ciwon. Shekara na zagayowa kowa ya san inda muka dosa, iyayenmu mata har sun fara kiran juna suruka a ɓoye. Mai Lofe ya daɗe da tafiya a lokacin, an yi wasu Turawan bayansa, amma sharaɗinsa yana nan daram. Duk ranar da aka ɗaura aurena da Ɗahiru, Baba da Baffa za su zama surukai, dole ɗaya ya cire makulli.

Kowa ya san wanda ya kamata ya cire. Ciwon bushiya, annobar nan ta shanu, ya share shanun Baffa tun da daɗewa, gidansa cike da baki, albashin nan shi ne tuwonsu. Baba kuwa yana da kogi, jirginsa yana nan a hannun Bakari. Shi ma ya sani sarai. Amma makullin nan ya shiga ransa, shi ne ya mai da ɗan fito mutum, kuma yana tsoron ranar da zai bi hanya ba wanda ya tashi.

Sai ya shiga kwana-kwana. Da ƙannen Baffa suka zo neman izini ya ce a bari a cire shinkafa. Aka cire, ya ce a bari ruwa ya janye. Ruwa ya janye, ya ce yarinyar ba ta iya tuwo ba tukuna. Ni! Ni da nake tuƙa wa gida tun kafin in yi tsawon muciya. Na ji haushi ƙwarai, na kuma ji tsoro, don dangin Ɗahiru na garin Miga sun fara maganar wata 'yar'uwarsa. A zamaninmu 'ya ba ta tsayawa gaban uba ta yi maganar aurenta, saboda haka na bi ta inda na iya. Tunda an ce ban iya tuwo ba, sai na daina iyawa. Yau gudaji, gobe ya yi ruwa, jibi miya ba gishiri. Iya tana gani ta kawar da kai. Baba yana ci yana zare ido, don ya san abin da ake gaya masa.

Abin da ban sani ba sai daga baya, ashe Baffa ya same shi ya ce shi zai ajiye nasa, Allah ba zai hana shi abinci ba. Baba ya ce in ya kuskura, zai ɗauke shi ya jefa a kogi da gaske, ba wasa. Ma'aji ma, ya tsufa lokacin, ya kira Baba ya ce ai Baturen yanzu bai san wa ya auri wa ba, a yi biki a yi shiru. Baba ya ƙi. Ya ce zinaren marayu ne a ɗakin nan, ba zai so ranar da wani zai ce surukai biyu ne suka rufe ƙofa a kansa ba, ko da ba abin da ya ɓata. Kun ji irin mutumin. Ya hana Baffa ajiyewa, ya ƙi a yi ha'inci, shi kuma ya kasa cirewa. Haka muka zauna wata da watanni, ni ina ɓata tuwo shi yana ramewa.

Wata safiya ina shara a tsakar gida, ban san ya fito ba, ina yi ina share hawaye da gefen zane. Na ɗago na gan shi tsaye yana kallona. Sai ya tambaye ni, a hankali, irin muryar da ban san shi da ita ba.

"Yagana, ɗan bawan nan nawa kike so?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Shi nake so, Baba."

Ya ce to. Ya koma ɗaki ya sa farar rigarsa wadda ta fi kyau, ya fita.

Bakari ne ya ba mu labarin abin da ya faru, don ya bi bayansa. Baba ya ce a kira Bature da alƙali, a buɗe ɗaki a duba komai a gabansa kafin ya sauka. Aka duba danko, aka murɗa, aka fito da akwatin marayu aka auna, komai ya cika cif. Sannan ya cire tsirkiyar daga wuyansa ya ajiye a hannun ma'aji. Bakari ya ce hannun Baba ya daɗe a kan makullin kafin ya saki. Baffa yana gefe ya juya wa mutane baya yana ta gyaran rawani wanda ba abin da ya same shi. Bature ya tambayi dalili, aka gaya masa. Ya yi mamaki, don shi abin da ya gada daga na gabansa shi ne mutanen nan biyu abokan gaba ne, ya ce yaya mutum zai ba maƙiyinsa 'ya. Baba ya ce ai ramuwa ce, zai sa Babarbariya a gidan, nan da shekara ba mai sauran iko a ciki sai ita. Ma'aji ya yi dariya har da tari. Aka ba wani Isa, mutumin garin Baturiya wanda ba shi da kowa a gari, makullin.

Da ya dawo ya tsaya a tsakar gida yana shafa wuya, ya ce iska tana shigarsa ta inda bai saba ba. Ranar na tuƙa tuwon shinkafa da miyar kifi wanda har maƙwabta suka aiko tambaya. Ya cinye tas ya ce ashe yarinyar ta koya. Washegari ya tafi bakin kogi ya karɓi jirginsa. Abin da yake tsoro kuwa bai faru ba, mutane suka ci gaba da tashi suna gaishe shi, sunan Mai Makulli ma bai bar shi ba har ya koma ga Allah. Ya je Miga ya kwana uku a bikin wani abokinsa, ya dawo yana ba da labari kamar wanda ya je Makka. Da safe kuma bai fasa biya wa Baffa ba, ya raka shi har bakin ƙofar ƙarfe yana zaginsa, sannan ya wuce kogi.

An yi biki bayan sallar layya. Dangin Baba suka zo da gangunansu da turaren wuta, dangin Baffa suka zo da ƙoren nono, aka yini ana gori, kowane ɓangare yana cewa ya yi asara. Da la'asar aka lulluɓe ni za a kai ni. A al'ada uba ba ya rakiya, nasiha yake yi a gida ya sallame ki. Baba ya ce shi sai ya je. Mata suka yi ta magana, ya yi kunnen uwar shegu da su, ya kama hannuna ya bi gaba har zauren Baffa.

Baffa ya fito da murmushinsa, na san ya tanadi wata baƙar magana tun safe. Mutane suka matso don a ji wadda za a yi. Baba bai bari ya fara ba. Ya ɗora hannuna a kan na Baffa ya ce, "Shu'ibu, shekara da shekaru hukuma ba ta yarda ka buɗe ƙofa kai kaɗai ba, sai ina tsaye. To ga tawa ajiyar. Ba danko, ba ɗan doka, ba na biyu. Kai kaɗai na ba."

Tunda nake ban taɓa jin ya kira shi da sunansa ba sai ranar.  Ina cikin mayafi ba na ganin fuskar kowa, amma na ji Baffa ya riƙe hannuna da kyau, baƙar maganar da ya tanada kuwa ya bar ta. Mutumin da bai taɓa barin Baba ya yi ta ƙarshe ba. Da ƙyar ya ce, "Na karɓa, Zarami."

Ni da na yini ina murna, sai a nan kuka ya ƙwace mini, na riƙe rigar Baba na ƙi saki. Shi ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ya tura ni ciki wajen mata, ya ce in shiga, gidana ne.